Makonni Huɗu Kafin Kirsimeti: Me Ya Sa Coci Ke Jinkirta Murna?

Kowace shekara tambayar nan takan dawo da zarar Nuwamba ta kusa ƙarewa. Kasuwa ta riga ta shiga Kirsimeti, teloli sun daina karɓar sabon ɗinki, masu kaji sun ƙara kuɗi, gidajen rediyo sun fara sakin waƙoƙin biki. Amma idan mutum ya shiga cocin Katolika ko Angilikan ko Lutheran ranar Lahadi, sai ya tarar da wani yanayi dabam. Mai jagorantar sujada ya sa tufafi masu launin shunayya, an rage adon bagadi, karatun ranar kuma yana maganar tuba da ranar shari'a. Wasu Kiristoci na ɗaukar abin a matsayin al'adar Turawa da aka ɗora mana. Wasu na cewa na 'yan Katolika ne kawai. Maƙwabta Musulmi kuma sukan tambaya ko wani azumi ne Kiristoci ke yi kafin sallarsu. To mene ne ainihin wannan lokaci da ake kira Adbent, kuma me ya haɗa shi da tsoron Allah da godiya, abubuwa biyun da masu wa'azi suka fi nanatawa a cikinsa?

Mene ne Adbent?

Adbent shi ne lokacin jiran zuwan Almasihu. Yana ɗauke da ranakun Lahadi huɗu da suka gabaci 25 ga Disamba, saboda haka farkonsa yakan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Tsawonsa ba ya zama ɗaya kullum. A 2022 ya kai kwana 28, a 2023 kuwa kwana 22 ne kacal, domin Lahadi ta huɗu ta faɗo ranar jajiberin Kirsimeti. A coci-cocin da ke bin kalandar sujada, Lahadi ta farko ta Adbent ita ce farkon sabuwar shekarar ikilisiya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne zuwa biyu ake jira. Daga farkon lokacin har zuwa 16 ga Disamba, addu'o'i da karatu sun fi karkata ga dawowar Almasihu a ƙarshen zamani, lokacin da zai yi wa rayayyu da matattu shari'a. Sai daga 17 ga Disamba hankali ke komawa kacokan kan haihuwarsa a Baitalami. Shi ya sa wanda ya je coci a Lahadi ta farko yana sa ran jin labarin jariri a komin dabbobi, yakan ji ana ce masa ya zauna a faɗake domin bai san ranar ba, bai san sa'ar ba.

Daga ina ya samo asali?

Littafi Mai Tsarki bai ambaci Adbent ba, kamar yadda bai ambaci ranar da aka haifi Yesu ba. Shaidar rubutu mafi daɗewa da ke nuna ana bikin haihuwarsa ranar 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Rum, kuma tana komawa ga shekara ta 336. Bayan da bikin ya kafu, sai aka ga ya kamata a yi masa shiri kamar yadda ake yi wa Ista shiri da azumin kwana arba'in. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A shekara ta 380, taron bishop-bishop a Saragosa ta ƙasar Sifen ya umurci masu bi kada su yi fashin zuwa coci daga 17 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu, wasu masana kuma na ganin nan ne alamar farko. A ƙarni na 5, Bishop Perpetuus na birnin Tur a Faransa ya sa a riƙa azumi sau uku a mako tun daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti. A Rum lokacin ya taƙaita zuwa Lahadi huɗu, ana kuma danganta wannan tsari da zamanin Fafaroma Giregori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604. Har gobe a birnin Milan na Italiya makonni shida suke yi.

Wanda ke cewa abin na Turawa ne, ya kamata ya leƙa gabashin nahiyarmu. Kibɗawan Masar na azumin kwana 43 daga 25 ga Nuwamba, ba nama, ba madara, ba ƙwai, har zuwa Kirsimetinsu ta 7 ga Janairu. Kiristocin Habasha ma haka suke yi, suna kiransa Azumin Annabawa. Waɗannan ikilisiyoyi sun girmi zuwan 'yan mishan ƙasar Hausa da ƙarnuka masu yawa. A Cocin Katolika ta Yamma kuwa yanzu azumin Adbent ba wajibi ba ne, wanda ya so yi don kansa ya yi. Ke nan amsar tambayar maƙwabcinmu Musulmi ita ce: a wasu wurare azumi ne sosai, a nan wajenmu galibi lokacin natsuwa ne da tuba da addu'a.

Kyandirori huɗun da ake kunnawa ɗaya bayan ɗaya a ranakun Lahadin Adbent su ne baƙi a cikin al'adar. Wani malamin coci Bajamushe, Johann Hinrich Wichern, wanda ke riƙon yara marasa galihu a birnin Hambug, shi ya fara a 1839. Yaran sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti za ta zo, sai ya ɗauki ƙafar keken doki ya jera mata kyandirori, ƙanana na ranakun mako, manya huɗu na Lahadi, kullum a kunna ɗaya.

Tsoron da ke cikin labarin haihuwa

Mun saba jin labarin Kirsimeti daga bakin yaran makarantar Lahadi, sanye da farin zane da fukafukan kwali, har muka manta cewa kusan duk wanda mala'ika ya bayyana gare shi a labarin sai da hantarsa ta kaɗa. A babi na farko na Bisharar Luka, Zakariya firist ne tsoho, yana cikin Haikali yana ƙona turare, aikin da ya saba da dokokinsa tun ƙuruciya. Da ya ga Jibra'ilu tsaye a dama da bagadi, tsoro ya kama shi. Ya nemi tabbaci, aka rufe masa baki har sai da matarsa Alisabatu ta haihu. Maryamu ta damu ƙwarai da irin gaisuwar da aka yi mata. Makiyayan da ke kwana a fili da garkensu sun firgita matuƙa. Kowannensu sai da aka ce masa kada ya ji tsoro, kuma ba a faɗa wa mutum haka sai in ya riga ya tsorata.

Wannan tsoro ba irin na wanda 'yan fashi suka tare a hanya ba ne. Shi ne abin da kan sami mutum lokacin da ya gane cewa Allahn da yake ambata kullum a baki ya kusanto shi da gaske. A bangaskiyar Kirista, abin al'ajabin da ke tsakiyar Kirsimeti shi ne Mahaliccin sama da ƙasa ya ɗauki jikin mutum, ya zauna wata tara a cikin mace, aka haife shi a ƙauyen da annabi Mika ya kira ƙarami a cikin Yahuza. A nan ne Kirista da Musulmi suka rabu a aƙida, ko da yake Alƙur'ani ma ya ba da labarin Maryamu da haihuwar Annabi Isa ba tare da uba ba, cikin girmamawa, a surar da ke ɗauke da sunanta. Ga Kirista dai, in har ya yarda da abin da yake furtawa, bai kamata maganar ta wuce ta kunnensa kamar sanarwar coci ba. Sabo ne ke kashe mamaki, kuma Adbent an shirya shi ne domin ya yaƙi sabo.

Dabarar da ikilisiya ke bi ita ce ta hana kunne abin da ya saba ji. A Cocin Katolika, waƙar nan ta ɗaukaka ga Allah a can sama, wadda ake rerawa kusan kowace Lahadi, ana ajiye ta gaba ɗaya a Lahadi huɗun nan. Waƙar mala'iku ce ga makiyaya, saboda haka ake barin ta sai daren Kirsimeti. Duk wanda ya taɓa tsayawa a cikin cocin da ya cika maƙil a wannan dare, sanyin hunturu na shigowa ta taga, aka buga ƙararrawa, ganguna da tulunan zumuntar mata suka ɗauka a lokaci guda, jama'a suka ɓarke da waƙar da suka yi kusan wata ba su rera ba, ya san abin da jinkirin ya haifar. Za ka ga dattijuwar da ke dogara sanda ta miƙe tana rangaji, hawaye na bin kumatunta.

Yanayin ya fi kama da na mace mai ciki a watanta na ƙarshe. Murna tana nan, fargaba tana nan, ana tanadin zannuwa da itace, amma ba wanda ke yanka ragon suna tukuna.

Godiya, da inda ta karkace

A arewacin Najeriya makonnin nan sukan haɗu da kaka. An yanke dawa, an casa shinkafa, an tone gyaɗa da doya, coci-coci da yawa kuma sukan yi sujadar godiyar girbi tsakanin Oktoba da Disamba. A cocin ƙauye abin gwanin ban sha'awa ne. Ana kiran iyali iyali, su taso daga baya suna rawa, maigida da damin dawa a ka, uwargida da kwaryar acca, yaro rungume da zakaran da aka ɗaure wa ƙafafu. A ƙarshen layi sau da yawa akwai gwauruwa da mudun masara ɗaya a ƙullin zane, ta ajiye a gaban bagadi ta durƙusa. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma manomin da ya ga yadda damina ke iya yaudara ya fi kowa sanin cewa abin da ya shiga rumbu kyauta ce.

Matsalar ta fi bayyana a birni. A wurare da dama godiya ta koma lissafin dukiya. Mai ba da shaida yakan tashi ya ce bana ya sayi mota, ya tare a sabon gida, ɗansa ya samu bizar fita waje, jama'a su yi tafi. Wani lokaci har a karanta sunan mai baiko da adadin kuɗinsa a lasifika. Ba laifi ba ne mutum ya gode wa Allah don mota. Amma idan wannan ce kaɗai irin godiyar da ake ji daga bagadi, me za a ce wa wanda aka sallama daga aiki a watan Yuli, ko matar da ta binne mijinta a watan Satumba? Suna zaune a benci ɗaya da mai motar, kuma saƙon da ke isa gare su shi ne Allah ya tsallake gidansu bana. Na san mutanen da ke ƙin zuwa coci ranar godiya saboda kunya, wannan kuwa abin baƙin ciki ne ƙwarai.

Karatun Adbent yana gyara wannan karkata, in an saurare shi. Waƙar godiya mafi shahara a Sabon Alkawari ita ce ta Maryamu a Luka 1:46 zuwa 55, kuma ya kamata a lura da halin da take ciki lokacin da ta rera ta. Budurwa ce da aka yi wa baiko, ga ciki, ga gari ƙarami inda kowa ya san kowa. Matiyu ya gaya mana cewa Yusufu ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce. Ba ta da wata shaidar arziki da za ta nuna. Abin da ta gode wa Allah a kai shi ne ya dubi ƙasƙancin baiwarsa, yana saukar da masu iko daga gadajen sarauta, yana ɗaga talakawa, yana ƙosar da mayunwata, yana sallamar mawadata hannu wofi. Bayan haihuwa, da suka kai jaririn Haikali, hadayar da suka miƙa 'yan kurciyoyi biyu ce ko 'yan tattabarai biyu, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya tanadar wa matar da ba ta da halin ɗan rago.

Haka ma Lahadi ta uku, wadda ake kira Lahadin farin ciki, ranar da ake kunna kyandir mai ruwan hoda. Sunanta ya fito ne daga Filibiyawa 4:4, inda Bulus ya ce a yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, ya kuma ƙara da cewa a kai roƙo gaban Allah tare da godiya. Daga kurkuku ya rubuta wasiƙar.

A nan ne tsoron Allah da godiya suke haɗuwa. Ibraniyawa 12:28 ta ɗaure su wuri guda, ta ce mu yi godiya, ta haka mu yi wa Allah sujada da ladabi da tsoro. Wanda girman Allah ya cika masa ido yakan ga cewa numfashinsa ma ba haƙƙinsa ba ne, sai godiyarsa ta faɗaɗa ta wuce abin da ke aljihu. Wanda kuwa ya rasa wannan tsoro, yakan ɗauki Allah kamar abokin ciniki: na ba da zakka, na yi azumi, ina sakamakona? Irin wannan godiya takan ƙare ranar da ciniki ya faɗi. Annabi Habakuk ya rufe littafinsa da cewa ko itacen ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba su ba da abinci ba, garke ya ƙare, turke ya zama wofi, duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa. Manomin da ambaliya ta cinye wa shinkafa zai iya karanta wannan aya ba tare da ya ji an ware shi ba.

Masu ja da masu goyon baya

Ba duka Kiristoci ne ke kiyaye Adbent ba. Coci-coci da yawa na bishara da na Fentikos ba sa bin kalandar sujada, hujjarsu kuma ita ce abin da Littafi Mai Tsarki bai umurta ba kada a mai da shi doka, sukan kawo Kolosiyawa 2:16 inda aka ce kada kowa ya hukunta wani a kan idi ko tsayawar wata. Hujja ce mai ƙarfi, kuma gaskiya ne cewa al'ada na iya zama fanko, a kunna kyandir zuciya na kasuwa. Sai dai su ma waɗannan coci-coci sukan yi nasu shirin da wani suna: taron farkawa na ƙarshen shekara, azumin Disamba, daren waƙoƙi. Sujadar karatu tara da waƙoƙi, wadda ta bazu a ɗariku daban-daban a Najeriya, ta samo asali ne a Turo ta Ingila a 1880, kuma tana farawa da faɗuwar Adamu kafin ta bi ta kan annabawa ta iso Baitalami. Tafiyar Adbent ce aka dunƙule a dare ɗaya. Akwai kuma waɗanda ba sa bikin Kirsimetin ma sam, kamar Shaidun Jehobah.

Wani ƙorafin ya fi taɓa zuciya. Masu shi na cewa mutanenmu sun sha wuya tun Janairu, a bar su su yi murnarsu da wuri, me ya kawo wa'azin tuba ga wanda rayuwa ta riga ta ladabtar? Na fahimci wannan magana. Amma a ganina Adbent ne ya fi yi wa mai baƙin ciki adalci. A jajiberin Kirsimetin 2023 an kashe fiye da mutum 100 a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jihar Filato. Ranar Kirsimetin 2011 bam ya tashi a cocin Katolika na Madalla a jihar Neja. Ga iyalan da abin ya shafa, Disamba watan tunawa da matattu ne. Idan coci ba shi da abin faɗa sai a tashi a taka rawa, ya bar su a baya. Karatun littafin annabi Ishaya da ake yi a wannan lokaci yana magana ne da mutanen da ke tafiya cikin duhu, da al'ummar da ake ce wa a ta'azantar da ita. Ya yarda cewa duniya ba ta gyaru ba tukuna, ya ba mutum izinin yin kuka yana jira.

Me wannan ke nufi ga talaka?

Nauyin Disamba a kan ƙaramin ma'aikaci ba wasa ba ne. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, buhun shinkafa kuma ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Duk da haka ana sa ran uba ya ɗinka wa kowane yaro kaya, ya sayi ankon zumunta, ya biya kuɗin mota zuwa ƙauye a lokacin da direbobi suka ninka farashi, ya kuma aika wa maƙwabta abinci, Kirista da Musulmi, kamar yadda aka saba. Da yawa sukan ci bashi, sai Janairu ta zo da kuɗin makaranta. Iyalin da suka ɗauki makonnin nan a matsayin lokacin natsuwa sun sami dalili na addini da za su rage kashe kuɗi ba tare da jin sun gaza ba.

Amma Adbent bai tsaya ga zuciya kaɗai ba. A Lahadi ta biyu da ta uku ana karanta labarin Yahaya Maibaftisma, kuma a Luka 3:10 zuwa 14 jama'a sun tambaye shi kai tsaye abin da za su yi. Ya ce mai riga biyu ya ba marar ita ɗaya, mai abinci ma ya yi haka. Ya ce wa masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Ya ce wa sojoji kada su ƙwaci kuɗin kowa da barazana ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Kafanchan ko Jos zuwa Yola a makon Kirsimeti ya san waɗanda wannan magana ta shafa a yau. Ta shafi ɗan kasuwar da ke ɓoye kaya sai farashi ya tashi, ta shafi maigidan da ke riƙe albashin 'yar aikinsa har bayan biki.

Shugabannin coci ma suna da abin yi, kuma ba mai wuya ba ne. Za a iya daina karanta adadin baikon mutane a bainar jama'a. Za a iya ba da dama a sujadar godiya ga wanda shaidarsa ita ce ya yi jinya ya tashi, ko ya yi rashi Allah ya riƙe shi bai karaya ba. Hatsin da aka tara ranar godiyar girbi kuma, maimakon a yi gwanjonsa duka don ginin coci, a ware kaso a kai gidajen gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira tun kafin 24 ga Disamba, domin su ma su ɗora tukunya a ranar.